MU LEƘA INDIYA: PALANPUR, ƘAUYEN DA KE BAKIN HANYAR JIRGI

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wannan wata za mu leƙa ƙasar Indiya. Da yawa cikinmu sun san Indiya ta sinima, ko ta buhun shinkafa, ko ta moto Bajaj da ƴan kabu-kabu ke hawa. Amma mafi yawan mutanen Indiya ƴan karkara ne kamar mu. A ƙidayar jama'a ta 2011 an samu mutum miliyon 1,210 a ƙasar. Daga cikinsu miliyon 833 a karkara suke zaune, cikin ƙauyuka wajen 600,000.

Ƙauye guda za mu ɗauka, sunansa Palanpur. Tun 1957 masu bincike ke zuwa wannan ƙauye suna shiga gida-gida. Suna ƙidaya mutane, suna auna gonaki, suna tambayar kowane mai gida abin da ya noma da abin da ya samu. Saboda haka an san labarinsa na fiye da shekara 50, da lissafi. Labarin kuwa ya shafi wata tambaya da kowane mai iyali ya sani: in ɗiya sunka yi yawa, gona kuma ba ta ƙaruwa, me gida zai ci?

INA ƘAUYEN YAKE?

Palanpur yana arewacin Indiya, cikin jahar Uttar Pradesh, a gundumar Muradabad. Akwai wani birni mai suna Palanpur a jahar Gujarat, can yamma. Wancan dabam ne.

Jahar Uttar Pradesh ita ce ta fi kowace jaha ta Indiya yawan jama'a. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Nijar ba. Amma a 2011 mutanenta sun kusa miliyon 200. Ku tuna, ƙidayarmu ta 2012 ta ba da mutum miliyon 17 da ɗoriya. Ke nan jaha guda ta ninka mu fiye da sau 11. A can, kana fita daga wannan ƙauye kana hangen na gaba. Dajin kiwo kaɗan ne ƙwarai, kusan ko'ina gona ce.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba dutse. Kogin Ganga da rassansa ne sunka jibge mata laka tun zamanin da. Ruwan ƙasa ba shi da nisa. Damina tana kamawa wajen ƙarshen Yuni, ta kai Satumba. Ruwan sama na shekara ya kusa milimita 1,000, wato wajen ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu. A Mayu zafi yana wuce 40 a ma'auni. A Disamba da Janairu kuwa sai ɗari da hazo mai kauri.

YADDA AKE ZUWA

Daga Delhi, babban birnin ƙasar, zuwa Palanpur wajen kilomita 200 ne, ta gabas. Bai kai nisan Maraɗi da Damagaram ba. Matafiyi zai hau jirgin ƙasa a Delhi, ya ƙetare kogin Ganga, ya sauka a Muradabad.

Muradabad birnin maƙeran tagulla ne. Ana ƙera tasoshi da fitilu da kayan ado, ana kai su har Turai da Amurka. A 2011 mutanen birnin sun kusa 900,000. Daga nan wata hanyar jirgi ta miƙa kudu zuwa garin Candausi, mai mutum sama da 100,000. Palanpur yana tsakanin garuruwan biyu. Kilomita 31 ne daga Muradabad, kilomita 13 daga Candausi. Ƴar tashar jirgin da ke gefen ƙauyen ana kiranta Jargaon.

Kilomita 13 tafiyar awa uku ce da ƙafa. Kilomita 31 kuwa sai mutum ya yi sammako ya kai da la'asar. A jirgi, ko wanda ke tsayawa kowace ƙaramar tasha, mutum zai tashi da safe ya je ya yi aikinsa, ya komo ya ci tuwon dare a gidansa. Waɗanda sunka taɓa zuwa Kano ko Paraku sun ga jirgin ƙasa. A Indiya tsohon abu ne. Jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombai a 1853, zamanin mulkin Turawan Ingila. Yau tsawon hanyoyin jirgin ƙasar ya wuce kilomita 65,000.

MUTUM NAWA NE A PALANPUR?

Ma'aikatan Jami'ar Delhi ne sunka fara ƙidayar ƙauyen. Daga baya, a 1974, malaman tattalin arziki biyu daga Ingila, Christopher Bliss da Nicholas Stern, sunka zauna cikinsa wata tara. A 1983 Jean Drèze da Naresh Sharma sunka zo sunka yi fiye da shekara. A 2008 wasu sunka sake komowa, ƙarƙashin wani malami ɗan Indiya mai suna Himanshu. Ga abin da anka samu:

1957: mutum 528
1962: mutum 585
1974: mutum 790
1983: mutum 960
1993: mutum 1,133
2008: mutum sama da 1,250

A 1957 gidaje 100 ne. A 2008 sun wuce 200. Cikin shekara 51 jama'a ta ninka sau biyu da kusan rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutuwar ƙananan yara ta ragu, mutane sun ƙara tsawon rai, haihuwa kuma ba ta ragu da wuri ba. Gidajen da sunka kwashe kaya sunka bar ƙauyen ɗungurungum ba su da yawa.

Akwai wata al'ada da ke motsa jama'a a wannan yanki. Wajen masu addinin Hindu, yarinya ba ta aure cikin ƙauyensu. In ta yi aure sai a kai ta wani gari. Samarin ƙauye kuma daga wasu garuruwa ake kawo musu mata. Saboda haka kusan kowace matar aure a Palanpur baƙuwa ce, iyayenta suna nesa. Wannan ma ya sa hanya ke da daraja gare su. Ta hanya ake zuwa ganin gida, da biki, da gaisuwar mutuwa.

SU WANE NE MUTANEN?

Mafi yawansu masu addinin Hindu ne. Musulmi sun ɗan wuce kashi 10 cikin 100. Jama'ar ta kasu ƙungiya-ƙungiya bisa sana'ar gado. Mun san maƙera da mahauta da wanzamai masu gadon sana'a. To a Indiya rabuwar ta fi tsanani. Ba a auratayya tsakanin ƙungiyoyin, kuma ana ɗaukar wasu sama, wasu ƙasa.

Ƙungiyoyi uku ne manya a Palanpur. Akwai Takur, jikokin mayaƙa da masu ƙasa. A da ba su son a gan su suna ƙwadago a gonar wani. Akwai Murawo, manoma na gado, gwanayen lambu. Akwai Jatab, waɗanda asalinsu masu aikin fata ne. Su ake rainawa, su ne kuma masu ƙaramar gona ko marasa gona. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya hana a ƙyamace su, amma al'ada ba ta mutuwa rana ɗaya. Ban da waɗannan akwai Gadariya, waɗanda gadonsu kiwon tumaki da awaki ne. Musulmin ƙauyen kuwa Teli ne, masu gadon matsar mai, da Dobi, masu gadon wanki.

GONA TA ƘANƘANCE

Kafin Indiya ta samu ƴancin kai a 1947, ƙasa tana hannun manyan masu ƙasa da ake kira zamindar. Su ke karɓar kuɗin haya daga manoma. A 1950 jahar ta yi doka ta soke wannan tsari. Manoma da yawa sunka mallaki gonakin da suke nomawa.

Amma gonakin ƙauyen duka-duka ba su kai hekta 200 ba. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. A 1957, in an raba gonakin ga kowane rai, babba da yaro, mutum zai samu wajen sulusin hekta. A 2008 rabon ya komo wajen kashi ɗaya cikin goma na hekta. Wato fili mai mita 100 tsawo, mita 10 faɗi. Ku auna shi da ƙafa a gonarku ku gani.

Abu biyu ne sunka kawo haka. Na farko gado. In uba ya rasu, ɗiyansa maza suna raba gonar daidai wa daida. Mai ɗiya huɗu, gonarsa ta zama huɗu. Jikoki kuma su sake rabawa. Na biyu saida gona. Wasu gidaje bashi ko ciwo ko hidimar aure ya matsa musu, sunka saida gonakinsu, har ga mutanen wasu ƙauyuka.

Wanda ba shi da isasshiyar gona yana karɓar ta wani ya noma. Tsarin da anka fi sani shi ne batai: mai gona ya ba da fili, manomi ya ba da ƙarfinsa, a raba amfani biyu. Daga baya haya da tsabar kuɗi, wadda ake biya tun kafin shuka, ta ƙara yawa.

RUWA DA SABON IRI

Hanya ta farko da Palanpur ya bi don ya ciyar da ƙarin bakuna ita ce ban-ruwa. A 1957 wajen rabin gonakin ne kaɗai ke samun ruwan rijiya. Kayan aikin wata babbar ƙafa ce kamar ta amalanke, da sarƙa mai jerin ƙananan gugaye na ƙarfe. Shanu biyu na zagayawa, ƙafar na juyawa, gugaye na fitowa da ruwa suna zubawa cikin lambatu. Zuwa 1974 kusan dukan gonakin sun samu ruwa. Daga baya injin famfo mai shan gazuwal ya kori wannan ƙafa.

Da ruwa ya samu, sai noma sau biyu a shekara ya zama ruwan dare. Da damina ana shuka shinkafa da dawa da hatsi. Wajen Nuwamba ana shuka alkama, a girbe ta a Afrilu. Ana kuma noma rake, wanda ke kwana shekara a gona. Hatsin da suke kira bajra, shi ne dai hatsinmu. Masana sun gano cewa a yankinmu na Sahel anka fara noma shi, ya kai Indiya fiye da shekara 3,000 da sunka wuce. Yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi.

A ƙarshen shekarun 1960 sabon irin alkama ya shigo, gajere, mai son ruwa da takin zamani. Tsakanin 1957 da 1974 amfanin alkama a kowane hekta ya kusa ninka sau uku. Zuwa 2008 ya ninka fiye da sau biyar. Wasu manoma sunka kama noman na'ana'a. Ana dafa ganyen a tatsi mansa, a kai Candausi a saida. Tarakta ta maye gurbin shanun huɗa. Dabbar da ta rage da daraja a gida ita ce ɓaunar gida, baƙa, mai ba da madara mai maiƙo.

Duk da haka gona tana da iyaka. In kowane taƙi ya samu ruwa, ana kuma noma shi sau biyu, ba sauran wurin ƙarawa. Tarakta ma ta rage hannuwan da ake bukata. Samari sunka yi yawa, aikin gona ya yi kaɗan.

ABIN DA JIRGI YA KAWO

Nan ne amfanin ƴar tashar Jargaon ya fito. A 1957 mutane ƙalilan ne ke aiki wajen ƙauyen. Abin da ba na noma ba bai wuce kashi 13 cikin 100 na samun ƙauyen ba. A 1983 ya kusa sulusi. A 2008 ya kusa rabi.

Da farko ayyukan na albashi ne. Wasu sun samu aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa, wasu a masaƙu, wasu a gidajen burodi, wasu a wuraren goge kwanonin ƙarfe a Muradabad. Bayan 1983 wasu masaƙun sunka rufe, aikin albashi ya ragu. Sai aikin yini ya ƙaru. Mutanen Palanpur sunka shiga aikin gini, da dako a tashar kaya ta Muradabad, da gasa tubali, da tuƙa keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja. Wasu sunka koyi goge farin dutsen da ake shimfiɗawa a daɓen gidajen birni, har sunka sayi injin kansu sunka ɗauki yara. Wasu sunka buɗe wurin gyaran moto.

Abin lura shi ne, mafi yawansu ba su yi ƙaura ba. Suna zuwa su komo. Mai gida yana kwana tare da iyalinsa. Ba ya biyan hayar ɗaki a birni. In lokacin ban-ruwa ko girbi ya zo, yana nan. Wannan ya bambanta da cin rani mai nisa, inda mutum ke barin gida wata shida ko fiye. Da wayar hannu ta shigo a shekarun 2000, mai ba da aiki yana iya kiran ma'aikaci tun dare. Moto kuma ta sa mutum ba ya jiran lokacin jirgi.

Ko waɗanda ba su fita ba sun ci moriya. Da samari sunka samu wurin zuwa, mai gona dole ya ƙara ladan ƙwadago, in ba haka ba ya rasa mai yi masa aiki. A 1957 ladan yini guda yana sayen alkama kilo 2 da rabi, wato wajen tiya guda. A 1983 yana sayen kilo 5. A 2008 yana sayen kilo 9, fiye da tiya uku da rabi. Tsakanin 1957 da 2008 rabon matalauta cikin jama'ar ƙauyen ya ragu da fiye da rabi. Gidajen laka da yawa sun zama na tubali gasasshe.

Jatab, waɗanda ke can ƙasa, sun daɗe ba su samu shiga ba. Aikin albashi sai da sani. Wanda ya samu wuri, ɗan'uwansa ko surukinsa yake jawowa. Amma da aikin yini ya yawaita, Jatab sunka shiga gini da gasa tubali da dako. A binciken 2008 an ga wasunsu suna karɓar hayar gona da kuɗin da sunka samo a birni. An kuma ga wasu Takur, waɗanda kakanninsu ba su taɓa ƙwadago ba, suna aikin ƙarfi a Muradabad, inda idon ƴan garinsu ba ya kansu.

BA KOWA YA SAMU BA

Jirgi bai ɗauki kowa ba. Mata kaɗan ƙwarai ke aiki wajen ƙauyen. Matar aure tana lulluɓe fuskarta gaban manyan dangin miji, ba ta kuma tafiya ita kaɗai. Gidan da mai gida ya rasu ba ɗa namiji babba, ko ya kwanta ciwo, talauci yana kama shi nan da nan.

Karatu ma ya yi baya. A 1993, cikin maza 100 wajen 37 ne sunka iya karatu da rubutu. Cikin mata 100 kuwa, 9 kaɗai. Masu binciken sun tarar lakwal ɗin ƙauyen ba ta aiki yadda ya kamata shekaru da yawa. Wanda bai yi karatu ba yana iya hawa jirgi, amma aikin da zai samu na dako ne. Aikin yini kuma ba shi da tabbas. Ran da ba ka da lafiya, ba ka da lada. Ban da haka, tazara tsakanin masu hali da marasa hali ta ƙaru. A 2008 ta fi yadda take a 1974.

ƘIDAYA ITA KE JAWO HANYA

Palanpur ya yi sa'a, hanyar jirgi ta ratsa gefensa. Ƙauyuka dubbai a Indiya ba su da jirgi, ba su da hanyar mota. In damina ta sauka sai su yanke da duniya. A Disamba 2000 gwamnatin Atal Bihari Vajpayee ta buɗe wani babban shiri na hanyoyin karkara. Manufarsa kowane ƙauye ya samu hanyar da mota za ta bi rani da damina.

Da me anka zaɓi ƙauyukan? Da yawan jama'a. Ƙauye mai mutum 1,000 shi ne kan gaba. Sai mai mutum 500. A ƙasar duwatsu da hamada, mutum 250 sun isa. Lissafin ƙidayar 2001 anka bi. Ke nan garin da ya ɓoye mutanensa ranar ƙidaya, yana iya ɓoye wa kansa hanya. Zuwa 2023 an gina fiye da kilomita 700,000 na hanyoyi a ƙarƙashin wannan shiri.

Malamai biyu, Sam Asher da Paul Novosad, sun bi diddigin shirin, sunka fito da sakamako a 2020. Sun gwada ƙauyukan da sunka ɗan wuce iyakar jama'ar sunka samu hanya, da waɗanda sunka ɗan gaza ba su samu ba. Bayan shekara huɗu, babban bambancin da sunka gani shi ne mutane sun bar ƙwadagon gona sun koma aikin lada a waje. Amfanin gona da dukiyar gida ba su sake sosai ba. Wato hanya ƙofa ce. Abin da mutum zai samo ya danganta da abin da ke bayan ƙofar, da abin da shi kansa ya iya.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Palanpur ya ciyar da mutum 1,250 a ƙasar da ta ciyar da 528. Ruwan rijiya da sabon iri sun ɗauki kashin farko na nauyin. Aikin birni, ta hanyar jirgi, ya ɗauki sauran. Da babu Muradabad da Candausi kusa, da tashar ba ta yi wannan amfani ba. Da kuma lakwal ta yi aiki tun da wuri, ga maza da mata, da ɗiyan ƙauyen sun samu ayyukan da sunka fi dako.

Masu iya magana sun ce na zaune bai ga gari ba. Ku ma kuna iya yin lissafin da anka yi a Palanpur. Ku tambayi tsofaffi gida nawa ne a garinku lokacin ƙuruciyarsu, ku ƙidaya na yau. Ku duba gonar kakanku, mutum nawa ke ci cikinta yanzu. Ku auna nisan kasuwa mafi kusa, da wata nawa a shekara mota ke iya shigowa. Ku rubuta amsoshin a takarda ku aje. Ran da ma'aikatan ƙidaya ko na hanyoyi sunka zo, garin da ya san lissafinsa shi ake saurara wa.